Jigidar Likita

A unguwarmu ta Diffa ni ne na ƙarshen sanin cewa ina minshari. Kowa ya riga ni, har awakin maƙwabta. Aikin gwamnati ne ya kawo ni daga Damagaram, malamin gona ne ni, ina bin gonakin tattasai na bakin Komadugu ina duba tsutsa da taki. Da bazara kowa a tsakar gida yake kwana, katangar ƙasa kuwa ido kaɗai take tarewa, ba ta tare kunne.

Maƙwabcina wani dattijon Babarbare ne mai sayar da bandar kifi. Wata safiya na gaishe shi a ƙofar gida, ya gama jero mini wushe-wushensa na gaisuwa, sannan ya ce, "Malam, wannan inji naka na ban ruwa, kai ba kashe shi? Kwana yana ja, yana ja, ruwa kuma mu ba gani ba."

Na yi dariya, don a lokacin minshari daraja ce a wajena. Na ce masa, "Baba, wanda ya ci ya ƙoshi kuma babu haƙƙin kowa a wuyansa, shi ke minshari. Ka taɓa jin ɓarawo yana yi?" Ya ce bai taɓa ji ba, amma da ni da ɓarawo, ɓarawon ya fi barin mutane su yi barci.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, duk wannan jan da nake kwana yi, ban san daɗin barci ba. Nakan tashi da kai mai nauyi kamar an ɗora mini turmi, baki a bushe, jiki a mace. Da rana kuwa barci ba ya neman izinina. Na yi shi a biro, wato ofis, bisa kujera, na yi shi a taksi har direba ya wuce unguwarmu da ni, na yi shi a huɗubar Juma'a, ko da yake a nan muna da yawa. Mafi muni shi ne ranar da na tara manoma a gindin wata bishiya kusa da ruwa ina yi musu bayanin feshi. Na ɗaga yatsa na ce, "Abu na biyu kuma..." Da na buɗe ido sun yi la'asar sun shafa, wani bawan Allah ya kafa mini zana ta gefen rana. Har yau in na haɗu da ɗayansu a kasuwa sai ya ce, "Malam, muna nan muna jiran abu na biyu."

Na ɗora laifin kan zafin Diffa. Na ɗora kan cin kifi. Akwai ma lokacin da na ɗora kan wani abokin aiki da nake zargin yana yi mini asiri don ya gaji kujerata, alhali kujerar da bulo aka tokare ƙafarta ɗaya.

Matata malamar lekol ce, mace mai ƙarancin magana, irin wadda in ta yi maka shiru gara a ce zagin ka ta yi. Ba ta taɓa yi mini ƙorafin ƙarar ba, shi ya sa na ɗauka ita ma alfahari take da ni. Na dai lura ta rame, idanunta sun faɗa, na ce ƴaƴan mutane ne ke wahalar da ita a aji. Na kuma lura nakan tashi da ciwo a haƙarƙari, kullum gefe ɗaya, gefen da take kwanciya. Na sha maganin sanyi har na gaji, ashe gwiwar hannunta ce.

Wata Lahadi bayan azahar na ci shinkafa da miyar banda, na miƙe bisa tabarma a inuwa. Da na farka ta zo ta zauna kusa da ni, ta ajiye wayarta a tsakaninmu.

"Malam, saurari wannan," ta ce.

Wallahi na ɗauka wani ne ke jan gadon ƙarfe bisa siminti. Na fara murmushi, zan ce ai namiji ke nan, sai ƙarar ta yanke. Ana jin kurciya, ana jin mai ruwa yana wucewa a waje da kurarsa, amma mutumin da ke kwance ba a jin komai nasa. Na jira. Na duba wayar ko ta mutu ne, na ga tana tafiya. Shirun ya yi tsawo har ni da ke zaune na ji ƙirjina ya matse. Can sai na ji muryarta a cikin wayar, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Malam. Malam. Don Allah." Sannan wani irin shaƙa ya fashe, irin na wanda ya nutse a kogi ya samu ya ɗago kai, aka koma jan gado.

"Ƙarar ba ta dame ni ba," ta ce. "In ina jin ta, na san kana nan. Shirun nake gadi. Ka yi shiru, in zungure ka, ka dawo, ka sake tafiya. Haka muke har asuba. Na gaji, Malam. A aji yara ke tada ni. In ba ka je likita ba ɗayanmu zai faɗi, ban san wa zai riga wani ba."

Na ji kunya, na kuma ji tsoro, tsoron ya fi yawa. Ban ce ai namiji ke nan ba.

Aka yi sa'a a ƴan kwanakin wata likitar huhu ta zo daga Yamai tana duba mutane a wani ɗan asibiti mai zaman kansa. Muka je ni da matata. Ma'aikacin jinyar wurin, wanda kowa ke ce wa majo, mutum ne da ba ya iya ba ka ƙwaya sai ya haɗa maka da tsokana. Ya ɗora ni bisa sikeli ya yi salati. Ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya sake salati. Sannan ya ɗauko awon tela ya zagaye mini wuya, yana kaɗa kai kamar mai tayin ragon layya. Aka yi mini hoton ƙirji. Aka matse mini hanci da wani ɗan maƙali, aka cusa mini bututu a baki, majo na tsaye a kaina yana ihu, "Hura! Hura! Ƙara! Kada ka tsaya!" har na ga taurari da rana tsaka. Aka ce huhuna lafiya lau, na yi hamdala na fara neman takalmina.

Likitar ta ce in zauna. Matashiya ce, ba ta kai ƙanwata ba. Ta sa na buɗe baki ta leƙa da tocila, sannan ta juya ga matata ta shiga jero mata tambayoyi, ni kuwa ina zaune kamar ba maganata ake ba. Da na sa baki ta ce, "Malam, kai barci kake lokacin da abin ke faruwa. Ita ce shaida." Ta bayyana mana cewa in na yi barci naman maƙogwaro da gindin harshe ne ke saki su toshe hanyar iska, jiki ya yi ta kokawa har ya farka ya buɗe ta, ni ban ma sani ba. Shi ke hana barcin ya yi amfani, shi ke hawar da jini, shi ke gajiyar da zuciya, kuma yakan kashe. Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci, na gyaɗa kai kamar tsohon abokina ne. Amma sai an auna, in ji ta, kuma awon ba ya yiwuwa sai ina barci. Ta zo da na'ura guda, ana kwana da ita a gida a maido da safe, ga wasu suna jira.

Da la'asar sakaliya majo ya ɗaura mini ita da kansa, don ya ce in aka bar mutane su ɗaura a gida, wani a ƙafa zai sa. Ɗamara ɗaya a ƙirji, ɗaya bisa teɓa, ɗan akwati baƙi a tsakiyar ƙirji yana ƙyafta koriyar wuta, waya ta bi hannu ta sauka a yatsa, ga siririn tiyo na hanci an naɗe an maƙale sai lokacin kwanciya. Yana zagaye mini ciki da ɗamarar ya dubi matata ya ce, "Madam, yau maigida ya samu jigida." Ta rufe fuska da mayafi. Na ce ai jigidar likita ce, ba ta kwalliya ba. Muka yi ta dariya. Likitar ta ja mini kunne, kada in cire, kada in taɓa waya ko ɗaya, kada ruwa ya shiga. Na zura babbar rigata a kai, muka fito muka tari taksi.

Wanda bai zauna Diffa a shekarun nan ba sai an yi masa bayani. An hana babur, an sa dokar hana fita da dare, kuma a hanyoyin gari akwai shingayen soja. In taksi ta iso shinge, fasinja su sauka tun daga nesa su taka da ƙafa, kowane namiji ya ɗaga riga ya nuna ciki, ya juya ya nuna baya, sannan a wuce. Dalilin kowa ya san shi. An sha shigowa da abin fashewa ɗaure a jiki, kuma a rediyo da bakin mutane sunan abin nan jigida. Mun binne mutane saboda ita. Amma ɗan Adam da sabo, a kwana a tashi ɗaga rigar ta zame mana kamar cire takalmi a ƙofar masallaci. Masu teɓa irina mu muka fi shan wahala, don babu mai tallan gyaɗa a garin da ba ta san cibiyata ba. Mutum yana tafe yana hira, hannu ne zai ɗaga rigar da kansa, kai bai ma sani ba.

To haka ta faru. Taksi ta tsaya, muka sauka, muna gardama ni da wani fasinja kan ko ruwan Komadugu zai iso da wuri bana. Ina cikin kawo masa hujja na kama bakin rigata da hannu biyu na ɗaga. Babbar riga kuwa ba taguwa ba ce, in kana son ciki ya fito sai ka kai ta har bisa kai.

Abin da na fara ji shi ne faɗuwar faranti, gyaɗa tana watsewa. Sai salati, sai gudu ta kowane gefe. Abokin gardamata bai tsaya jin ƙarshen hujjata ba. Sai kuma ƙarar da bindiga ke yi in an ɗana ta, wadda duk ɗan Diffa ya san ta. Ni kuwa kaina yana cikin riga, ba na ganin komai sai shuɗin shadda.

"Tsaya nan! Kak ka motsa!" Muryar soja ce, Hausar yamma a bakinsa. "Mi na wanga bisa gabanka?"

Maganar da ke kusa da baki ita ta fito. Na ce, "Jigida ce..."

Jigidar likita nake son in ce, amma likitar ba ta samu fitowa ba, ihu ya rufe ta. Wani soja yana cewa, "Hidda ta!" wani yana cewa, "Kak ka taɓa ta!" Na tuna likita ma ta ce kada in taɓa, na bi masu rinjaye. Na durƙusa cikin yashi, hannuwa sama, riga a ka, na kama kalmar shahada. A tsakiyar shahadar wani tunani ya zo mini, wai ana ta tsoron in mutu cikin barci, ga shi zan tafi ido biyu, teɓa a waje, a gaban jama'a.

Sai na ji muryar matata dab da ni. Ba ta gudu ba.

"Mijina ne! Ba shi da lafiya! Awon minshari ne!"

"Minshari ƙaƙa?" in ji sojan.

Ta ce tana da shi a waya, bari ta kunna musu, ta zura hannu cikin jaka. Ta manta cewa waya a kusa da mai jigida ta fi jigidar ban tsoro, don da ita ake tayar da abin. Ihun da aka yi mata ya fi nawa. Ta yar da wayar can gefe, ta durƙusa kusa da ni. Na ce mata daga cikin riga ta matsa nesa don girman Allah. Ta ce, "Yi shiru, kai dai ka yi ta numfashi."

Babbansu wani saje ne mai ɗan shekaru, ya shiga yi mini tambayoyi daga bayan buhunan yashi. Ina nake aiki, wace unguwa, wane gida. Na kwatanta masa, bayan famfo, jikin gidan mai bandar kifi, ƙofa shuɗiya. Ya leƙo daga bayan buhunan.

"Gidan da gurup ke kwana shina aiki?"

Janareta yake nufi. Na ce ba mu da gurup, ranka ya daɗe, ni ne.

"Mu ka sintiri layin nan," ya ce. "Mun daɗe muna mamakin inda kaka samun esansi."

Wani soja ya fashe da dariya, ya kuma haɗiye ta nan take. Amma duk da haka sajen bai bar mu mun tashi ba, kuma da ni ne shi haka zan yi. Ya tura mota asibitin. Muka yi ta durƙuso har rana ta yi ja, hannuwana suka mutu, gumi yana bin wayoyin da aka ce kada ruwa ya taɓa.

Likitar ta iso tare da majo, wanda a ranar tsokana ta ƙare masa. Ta tako kai tsaye ta janye mini rigar daga fuska. Na zaci za ta tambayi lafiyata, sai na ga akwatin take dubawa. Ta ce, "Malam, na yatsan ya fita. Ba na ce kada ka taɓa ba?"

Da idona ya dawo sai na ga sojan da ya fara yi mini tsawa. Ya zauna bisa buhun yashi, bindiga a cinya, yana son ya fasa ledar ruwa ya kasa. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, tausayinsa na ji. Da ya danna kunamar, babu mai ganin laifinsa, har ni. Na je na ce masa sannu. Ya dube ni ya ce, "Baba, don Allah gobe ka ce bel."

A motar soja aka kai mu gida, unguwa duk ta fito kallo. Na ɗauka bayan wannan tashin hankali ba zan runtsa ba, awon ya lalace, wahalar ta tashi a banza. Ina sa kai bisa matashi na tafi. Da safe majo da kansa ya zo ya kwance na'urar, ya ce ba zai sake barin ta ta bi titi a jikin mutum ba.

Likitar ta juyo mini fuskar kwamfuta. Wani layi ne yana hawa yana sauka, sai ya miƙe ɗoɗar, sai ya sake hawa. Ta ce duk inda na ga ya miƙe, ba na numfashi. Na fara bi da yatsa, na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na janye hannuna. Matata ba ta ko kalli kwamfutar ba, ita ta riga ta san karatun. Magani, in ji likita, in rage ƙiba, in daina kwanciya rigingine, amma babban shi ne wata na'ura mai hura iska ta hanci don ta riƙe hanyar a buɗe. Duk barcin da zan yi da ita zan yi shi, har na rana.

Ƙanena ya samo na'urar a Yamai ya aiko. Da yake wutar Diffa baƙuwa ce, ta zo ta gaishe ka ta koma, sai da muka kafa pano na hasken rana da batir. Na gwada. Takunkumi ne a hanci, da igiyoyi a ƙeya, da dogon tiyo, iska tana tura kanta ciki ko ka so ko ka ƙi. Gaskiya na tashi da kai wasai, har na yi taron manoma na kai ƙarshe. Matata ta yi barci har ta makara lekol. Maƙwabcina kuwa da ya ji shiru ya yi sallama ya tambaya ko na yi tafiya. Aka nuna masa abin, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "To, yanzu inji ya samu tiyo, ruwa ya rage."

Wannan dariyar ce ta ƙarasa ni. Dama gari ya riga ya raɗa mini Mai Jigida, daga biro har bakin kogi, har yaran da ban san iyayensu ba. Na ce abin ya isa, ba za a ƙara mini da takunkumi ba, ni ba raƙumi mai cizo ba ne. Ban yi mako da na'urar ba na lulluɓe ta da tsumma na ɗora bisa sif. Na ce batirin ba shi da ƙarfi. Na ce robar tana sa mini ƙaiƙayi. Na ce bari in rage teɓa tukuna, na kuwa bar tuwon dare har zuwa ranar da aka yi miyar kuka da man shanu. Matata ta yi magiya, ta yi fushi, sannan ta yi shirun nan nata. Ciwon haƙarƙarina ya dawo gefensa na da.

Da tattasai ya nuna aka fara shanya, duk inda ka duba ja, sai Inna ta zo mana ziyara daga Damagaram. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma kallon fuskata. In tana da magana da ni, bango take gaya wa, ko wanda ke kusa. "A ce wa wancan abinci na hucewa," ina zaune a gabanta.

Wata rana bayan azahar muna inuwa, ita da matata suna cire wa busasshen tattasai hanci suna zubawa a roba, ni ina gefe ina shan iska. Sai na ga hannun matata ya tsaya. Barci ya ɗauke ta a zaune, tattasai a hannu, kai yana saukowa a hankali. Inna ta daɗe tana kallon ta. Da ta farka ta shiga kame-kame don kunya.

"Ɗiyata, ciki ne?" in ji Inna.

"A'a, Inna."

"Ba ki barci?"

Matata ta sunkuyar da kai.

"Zungurin shi kike?"

Matata ta ɗago da sauri, don babu wanda ya gaya wa Inna. Inna ta ce ba sai an gaya mata ba, tun ranar da ta sauka take jin shirun daga ɗakinta. Nan matata ta kwashe komai ta faɗa, likita, awo, shingen soja, da na'urar da ke bisa sif. Na so in sa baki da zancen batir, na ga ba wurinsa ba ne.

Babanmu ya rasu ina makarantar koyon aikin gona. Ya kwanta lafiya ƙalau bai tashi ba. A unguwarmu ta Damagaram aka yi ta cewa mutuwar salihai ce, babu jinya, babu wahalar da kowa. Ni kaina na sha faɗa da alfahari, har ina roƙon Allah ya ba ni irinta.

Inna ta ci gaba da karya tattasai. Da ta buɗe baki, robar take gaya wa.

"Haka ubansu yake. Tun ina amarya nike tada shi. Lokacin ba likita, abin ba shi da suna, an ce ƙoshi ne. Ranar nan na wuni gidan biki bisa tukunya, na komo ƙafafuna ba su ɗauka ta. Na ce bari in kishingiɗa kaɗan." Ta karya wani ta jefa. "Ban taɓa barci mai daɗi kamar na ranar ba."

Ta ɗauki wani tattasan ta ci gaba.

"Mutane suna ta shigowa suna cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe, ina cewa amin. Ban taɓa faɗa ma kowa ba."

Na rasa inda zan sa idona. Shekaru ina yabon mutuwar nan a gabanta tana ji.

Can ta ce, "Ɗiyata, sauko da abin in gani."

Matata ta shiga ɗaki ta fito da na'urar cikin tsummanta. Inna ba ta taɓa ba sai da ta sa aka kawo ruwa da sabulu ta wanke hannu sosai, don tattasai. Sannan ta ɗauki takunkumin, ta juya shi gaba da baya, ta goge ƙurar da bakin mayafinta har cikin lungunan robar. Ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, ta miƙo mini.

"Amshi," ta ce. "Ka bar ɗiyar mutane ta yi barci."

Na sa hannu biyu na karɓa.